Kada ka zuba jarinka duka a amfani ɗaya

Ɗan'uwa, ka ce bana za ka fara noma a ƙaramin fili, kana tambaya ko ka shuke shi duka da abin da ya fi kasuwa. A'a, kada ka yi haka. Ka raba filin gida biyu ko uku, da amfanin da lokacin nunarsu ya bambanta, sannan ka ware wani kaso na kuɗin ka ajiye saboda sake shuka ko maganin ƙwari. Kafin ka sayi iri ma, ka zagaya gonar bayan ruwan sama ka ga inda ruwa ke kwanciya da inda yake wucewa da ƙasa, ka zana a takarda.

Shekarata ta farko masara zalla na shuka. Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da take shirin goyo, lokacin da ta fi buƙatarsa ke nan, ganye ya nannaɗe, aljihu kuma wayam. Maƙwabcina da ya haɗa da wake ya tsira da wani abu, ga shi wake yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Sharaɗi ɗaya dai: kada ka wuce abin da hannunka zai iya nomewa a kan lokaci, domin ciyawa ba ta jira.