Hukuncin sayar da bindigar ƙyastu irin ta Amurkawan da

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Pensilbaniya ta Amurka, ina ƙera doguwar bindiga da hannu, kwaikwayon wadda maƙera Jamusawa suka fara yi a yankin Lankasta na wannan jihar cikin shekarun 1700, wadda ake ce wa ta Kentaki. Ta baki ake ɗura mata albarushi kamar bindigar toka, ƙanƙara ta ƙyasta ƙarfe wuta ta tashi. Masu tara kayan tarihi da maharban barewa ne ke saye, yawanci ba musulmi ba. Kuɗin nan halal ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Halal ne. Allah ya halatta ciniki a Baƙara aya ta 275, kuma makami haja ne, Bukhari ya kawo cewa Abu Ƙatada ya sayar da sulken da ya samu a yaƙin Hunaini ya sayi gonar dabino da kuɗin. Abin da malamai suka hana shi ne sayar da makami lokacin fitina, ko ga masu yaƙar musulmi, ko wanda ka fahimci ɓarna zai yi da shi, saboda Ma'ida aya ta 2. Toh maharbin da ke jiran kakar barewa bayan Kirsimeti da bindigar da in ta yi harbi ɗaya sai an sake ɗurawa bai shiga nan ba, addininsa kuma bai ɓata cinikin.

Ni inda nafi jin tsoro shi ne algus. Na san masu wannan aikin suna dafar da katakon, su sa ƙarfen yayi tsatsa-tsatsa, tagullar ta dushe, har ka rantse tun zamanin Joj Washintan, shugaban Amurka na farko, take, wannan in ado ne kuma mai saye ya sani ba komai, amma ka yi shiru ya ɗauka ta asali ce ya biya kuɗin kayan tarihi, ka ci haram, ko da bakinka bai furta ƙarya ba. Mai hatsin da Annabi (SAW) ya tarar ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ai shi ma shiru yayi, aka ce masa wanda yayi algus ba ya tare da ni, hadisin na Muslim. Don haka ka zana sunanka da shekarar da ka ƙera a jikin bututun, ba don yau kaɗai ba, wanda ya saya yana iya sayar wa wani bayan shekara 20. Kar ka sa sunan wani tsohon maƙeri. In akwai aibi a kunamar ko bututun ka faɗa, abin wuta ne.

Zanen ganye da furanni a ƙotar babu laifi, na dabba a bari ya fi.

Sai doka. Dokar tarayyar Amurka ta 1968 kan bindigogi ta sassauta wa irin wannan bindiga, amma jihohi sun bambanta, Niyu Jazi ta tsananta, ka bincika kafin ka tura wa mutum, da alƙawarin bin doka ka shiga ƙasar. Wallahu a'alam.