Tambaya da Amsa: Wane lokaci ya fi dacewa a ƙetare mashigin Thorong La?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Indiya. Ni da abokaina biyu muna son zaga tsaunukan Annapurna na ƙasar Nepal a ƙafa, mu ƙetare mashigin Thorong La. Hutu biyu muke samu, na Yuli da na Disamba. Wanne za mu ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da zaɓin a hannuna yake, cewa zan yi ku nemi uzuri a makaranta ku je tsakanin ƙarshen Oktoba da tsakiyar Nuwamba. A lokacin damina ta ɗauke, ruwa ya wanke sararin sama tas, dusar ƙanƙara kuma ba ta taru a kan mashigin ba. Da safe sai ka ga ƙololuwar tsaunin kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Matsalarsa ɗaya ce, cunkoso. Kowa ya san wannan lokacin, don haka masaukan Thorong Phedi, zango na ƙarshe kafin hawa, sukan cika maƙil, wanda ya makara sai ya kwana a ɗakin cin abinci. Afrilu ne ke biye, akwai ɗumi da furanni a gangare, sai dai hazo kan rufe tsaunuka da yamma.

A cikin biyun da kuka kawo kuwa, ku ɗauki Disamba, amma farkonsa. Yuli tsakiyar damina ce. Gaskiya ne yankin Manang da Mustang suna bayan tsauni, girgije ba ya ƙetarowa sosai, don haka can sama ruwan kaɗan ne. Amma kafin ku isa can fa? Hanyar da ta tashi daga garin Besisahar, inda ake fara tafiyar, ta bi gefen kogin Marsyangdi, nan ake fama da zaftarewar ƙasa, ga laka, ga matsattsaku da ke shiga safa ba ka sani ba sai ka ga jini. Ku sha duk wannan, sannan ku tarar gajimare ya ɓoye abin da kuka je gani.

Farkon Disamba sararin sama garau yake, mutane sun ragu. Sanyin ne sai an shirya masa. Kada ku auna shi da hunturunmu na gida. Ruwan da ka ajiye a gora kusa da kanka, da asuba za ka tarar ya zama dutse. Daga ƙarshen watan zuwa Fabrairu ƙanƙara kan toshe mashigin kwana da kwanaki, masu masauki da dama ma sukan rufe su gangara.

Wata magana kuma ta fi zaɓen wata nauyi. Thorong La yana kan tudun mita 5,416. Chappal Waddi, tsauni mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne, bai kai rabi ba. A can sama iskar da kake shaƙa kusan rabin ta bakin teku ce. Saboda haka ake kwana biyu a garin Manang, mai tudun mita 3,500 da ɗoriya, jiki ya saba. Daga nan kada tudun wurin kwananku ya ƙaru da fiye da mita 500 a rana. Ciwon kai mai naci, amai, ko tafiya da tangaɗi kamar mashayi, alamun ciwon ƙarancin iska ne, maganinsu gangarowa. Ƙarfin samartaka ba ya hana wannan ciwo, har ma samari sun fi faɗawa, don su ne masu gaggawa.

Ku kuma ware kwana biyu ko uku na jira a lissafinku. Ranar 14 ga Oktoba 2014, a lokacin kaka da ake ganin ya fi kowane kyau, ragowar guguwar Hudhud da ta afka wa gabashin Indiya ta jibge ƙanƙara a yankin, mutum fiye da 40 suka rasu, da yawansu a kewayen wannan mashigi. Wanda tikitin komawarsa ya matse shi shi ne ke fita ranar da bai kamata ba. In jagoranku ya ce yau ba a hawa, ku koma ku sha shayi.

Ranar ƙetarawa ana tashi wajen ƙarfe huɗu na asuba da fitila a goshi, domin kafin hantsi ya yi nisa iska mai ƙarfi takan taso a sama. Daga can za ku gangara kusan mita 1,600 zuwa garin Muktinath a yini guda, kan hanya mai santsi, don haka ku sayi ƙarafan da ake ɗaura wa takalmi tun daga Pokhara ko Katmandu.