Amai ya ƙi tsayawa: me ke kawo shi, wane awo za a yi?

Tambaya: Likita, ina da shekara 24, ina zaune a Birni, Damagaram. Kwana huɗu ke nan zuciyata na tashi, nakan yi amai musamman da safe. Na sayi maganin tsayar da amai wurin mai tallar magani, ya lafa ya dawo. Me ke damuna?

Amsa: Malama, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Amai alama ce ta wata cuta, kuma wannan ƙwaya ta danne alamar ne kawai. Idan metoclopramide aka ba ki, ki daina sha haka kawai: ga matasa yakan sa wuya ya murɗe, ido ya juye sama, har a ɗauka iska ce ta taɓa mutum, alhali maganin ne.

Mace mai shekarunki da ke amai da safe, tambayar farko ita ce ranar da ta ga al'ada ta ƙarshe. Laulayin ciki yakan fara wajen mako na 6, ya sassauta tsakanin mako na 12 da na 16, gwajin fitsari kuwa na minti kaɗan ne. Sai zazzaɓin cizon sauro, wanda a CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, ake ganowa da ɗigon jini daga yatsa, sakamako ya fito cikin minti 15 zuwa 20. Idan abinci ne ya lalace, kamar fura ko shinkafar da ta kwana cikin zafi, aman yakan zo cikin awa 1 zuwa 6, ya kama duk waɗanda suka ci, ya wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Naki ya zarce haka. Za a kuma tambaye ki magungunan da kike sha, domin diclofenac da ibuprofen suna cin bangon ciki, tramadol da ƙwayar ƙarin jini kuma suna tayar da zuciya.

Launin aman ma magana ne. Kore shar, ga ciki ya kumbura, ba bayan gida ba tusa, toshewar hanji ake zargi, aikin babban asibiti ne nan take. Jini, ko baƙi-baƙi kamar garin kofi, mai yiwuwa gyambon ciki ne ke zubar da jini. Ciwon da ya fara a cibiya ya koma ƙasan mara ta dama, appendis. Amai da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da sandarewar wuya, musamman daga hunturu zuwa bazara, sanƙarau ne har sai an tabbatar ba shi ba. Jiharmu ta Damagaram ta sha fama da shi a ƙarshen 2022.

Likita zai duba harshe ko ya bushe, ya ja fatar ciki ya ga ko tana komawa da sauri, ya leƙa farin ido don ciwon shawara, ya auna tansiyo da bugun jini da sukari, ya latsa cikin. Eko, wato hoton ciki na na'ura, sai in hannu ya ji abin zargi. Gwajin jini na Widal shi kaɗai ba ya tabbatar da taifot, kada a ɗora ki kan allurai saboda shi.

Kafin ki je, ki zuba fakitin SRO ɗaya, wato garin gishiri da sukari mai mayar da ruwan jiki, cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, ki riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. In kin yi amai, ki dakata minti 10 ki ci gaba. Idan kuwa ko ruwa ba ya zama, ko fitsari ya ɗauke, ko jiri na ɗibar ki in kin miƙe, yau za ki tafi, ki riƙe kwalin maganin da kika saya ki nuna musu.