Shingen maƙwabcina ya fasa min katanga, ko doka ta ba ni dama in sare shi?

Wata baiwar Allah daga Kubwa ce ta turo wannan tambayar, na ɗan taƙaita ta:

"Salam Barista, dan Allah a taimaka min da shawara. Maƙwabcinmu ya shuka shingen fulawa irin mai ganye kore ɗin nan, fikus, a jikin katangarmu tun shekara shida da suka wuce, kuma ba ya aske shi, yanzu ya zama itatuwa ya fi katangar tsawo, rassan sun leƙo tsakar gidana kullum sai shara, ga sauro, saiwar kuma ta tsaga katangar har ta kusa sokawe. Na yi wa matarsa magana sau uku ba a yi komai ba. Satin da ya wuce na kira mai yankan fulawa ya rage, shi kuma ya haura ya sassare har ta ɓangarensu, yanzu mutumin yana cewa zai kai ni wajen 'yan sanda. Ƙanina ya ce kawai mu zuba wa gindin magani ya mutu kowa ya huta. Mene ne matsayina?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Abu na farko tun kafin komai, dan girman Allah kar ki bari a zuba maganin nan, ko baƙin mai, ko gishiri, ko ma mene ne. A yanzu kina da gaskiya a mafi yawan maganar, amma ranar da aka kashe shingen nan da gangan toh gaskiyar ta koma hannunsa. A Abuja dokar Penal Code ce ke aiki, sashe na 326 ya yi bayanin laifin ɓarna wato lalata dukiyar wani da gangan, sashe na 327 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 2 ko tara ko duka biyun. Kuma abu ne mai sauƙin ganewa, itacen da ke kore shar ya bushe cikin sati biyu bayan an yi cacar baki, kowa a layin ya san inda za a nuna da yatsa.

Sai tambayar da komai ya rataya a kanta: shingen na waye? Ƙa'idar ita ce duk abin da aka shuka a ƙasa na mai ƙasar ne, ana duba inda gindin yake, ba inda rassa suka karkata ba. Kin ce "a jikin katangarmu", kinga nan ne nake so ki tsaya ki tabbatar, domin katanga daban iyaka daban. Na sha ganin gidan da magini ya ja katanga ciki da ƙafa ɗaya ko biyu saboda kwata ko saboda ganganci, ya bar tsirin fili a waje wanda a takarda na mai gidan ne, haka kuma na ga inda katangar ce ta ci filin maƙwabci. Ance ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, toh a kotu ƙimar ido ba ta wadatarwa, abin da alƙali zai duba shi ne taswirar fili da ke tare da takardar C of O, wato shaidar mallakar fili, ko takardar rabon filin, da turakun siminti masu lamba da safiyo ya kafa a kusurwoyi. Ki ɗauko takardunki, ki samu safiyo mai rajista ya zo ya nemo turakun ya nuna miki layin, in da hali a gaban maƙwabcin. In takardun sun ɓata ko akwai ruɗani ana neman bincike a ofishin AGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filayen Abuja, ta hannun lauya. Kar kowa ya taɓa turakun ko ya matsar da su, wannan ma laifi ne mai zaman kansa.

Wani abu da ya kamata mutanen Kubwa da Lugbe da Karu su riƙe, filin Abuja duk na Gwamnatin Tarayya ne, kuma Kotun Ƙoli a shari'ar Madu da Madu ta 2008 ta ce Ministan Abuja ne ke da ikon ba da shi. Don haka in takardar hannunki ta ƙaramar hukuma ce ko ta mai unguwa, ki nuna wa lauya ita tun kafin a fara maganar kotu, kar a je neman diyyar katanga a tono wata matsalar da ta fi ta girma.

Idan an auna aka ga gindin a filinsa yake, shingen nasa ne, amma hakan bai ba shi damar ya cutar da ke ba. Doka ta ɗauki rassan da suka ƙetaro da saiwar da ta shigo a matsayin cutar da maƙwabci, kuma kina da damar ki rage su da kanki. Wannan tsohuwar ƙa'ida ce da kotunanmu suka gada daga Ingila, tun shari'ar Lemmon da Webb ta 1894 aka ce mutum na iya yanke reshen da ya leƙo filinsa ko bai sanar ba, muddin bai taka filin maƙwabcin ba. Sai dai tana da iyaka sosai: daga ɓangarenki za a tsaya, daidai kan layin iyaka za a yanke, ba a rage masa tsawo ta sama, ba a haura katanga, kuma abin da aka yanko ma a doka na maƙwabcin ne, sai ki tambaye shi ko yana so kafin a zubar, kar a watsa masa cikin gida. Ni dai ko da doka ba ta wajabta sanarwa ba, ina ba da shawarar a sanar a rubuce, saboda gobe.

A nan ne aka samu kuskure a ɓangarenki, kuma gara in faɗa miki yanzu da ki ji shi a bakin lauyansa. Yaron da kika kira ya haura ya yi sara ta can, wannan shiga filin mutum ne ba izini, kuma tunda ke kika sa shi aikin za a iya neman diyya a wajenki. Amma kar maganar 'yan sanda ta hana ki barci. Kafin a ce kutse ya zama na laifi a ƙarƙashin sashe na 342 sai an nuna an shiga ne da niyyar aikata laifi ko tsoratarwa ko cin mutunci ko ɓata wa mai wurin rai, kuma sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 da sashe na 8 na dokar gudanar da shari'ar laifuka, wato ACJA, ta 2015 duk sun hana a kama mutum a kan rikicin da ke tsakanin mutum da mutum zalla wanda ba na aikata laifi ba. Idan an gayyace ki ki je, kar ki ƙi, amma ki tafi da lauya ko wani babba, da hotuna, kuma kar ki sa hannu a wata yarjejeniyar biyan kuɗi da ba ki karanta ba.

Maganar katanga ita ce mai nauyi a wajenki. Yau ɗin nan ki ɗauki hoto da bidiyo na tsagar da saiwar, ki samu injiniya ko ƙwararren magini ya rubuta cewa saiwar ce ta jawo ya kuma ƙiyasta kuɗin gyara, domin abu na farko da zai ce shi ne ginin ne ba shi da ƙwari. Fikus an san shi da haka, saiwarsa na bin danshi, shi ya sa ta nufi sokawe, kuma a damunar Abuja daga Afrilu zuwa Oktoba in ba a aske shi akai-akai ba sai ya tashi daga shinge ya koma bishiya. Kar ki sa a datse manyan saiwoyin gaba ɗaya ta gefenki ba tare da wanda ya san aikin ba, itacen zai iya rasa madogara iska ta kayar da shi a kan katangar ko kan mutum, a dawo ana tambayar ki.

Bayan haka sai wasiƙa. Maganar da kika yi wa matarsa sau uku ba ta da shaida, kuma mai yiwuwa ma ba ta isa kunnensa yadda kika faɗa ba. A rubuta masa, da sunansa, a faɗi ɓarnar, a ba shi kamar kwana 14 ya rage shingen ya zo a zauna kan gyara, ki ajiye kwafi. In ɗan haya ne a aika wa mai gidan ma. In a cikin estet kuke, shugabannin ƙungiyar mazauna su samu kwafi, yawanci suna da ƙa'idarsu kan tsawon shinge.

Ni abin da na fi so miki shi ne sulhu, kuma ba don tsoro ba. Maigidanki ko yayanki ya ɗauki limamin unguwa ko wani dattijo da mutumin ke jin nauyinsa, a fara da ba shi haƙuri kan haurawar da yaron ya yi, wannan kalmar kaɗai tana sauke rabin fushin, sannan a kawo maganar katanga. In musulmi ne ya san hadisin da ya ce babu cuta babu cutarwa, kuma malaman fiƙihu sun yi maganar reshen da ya shiga gidan maƙwabci tun da daɗewa. Abin da za ki nema a zaman: a cire layin da ke manne da katangar, in yana son shinge ya ja baya ya shuka mai ƙaramar saiwa kamar lalle, a sa lokacin aski, a raba kuɗin gyara yadda aka daidaita, a rubuta kowa ya sa hannu da shaidu biyu. In zaman gida ya gagara akwai zauren sulhu na Babbar Kotun Abuja, Abuja Multi-Door Courthouse, kina iya zuwa ko ba ki shigar da ƙara ba, kuma yarjejeniyar da aka cimma a can alƙali na iya amincewa da ita ta zama kamar hukunci.

In duk ya ƙi, sai ƙara. Za ki nemi diyyar gyaran katanga da umarnin kotu da zai tilasta masa ya kawar da abin da ke cutar da ke, shi kuma ki sa rai zai shigar da tasa kan sarar da aka yi. Idan har safiyo ya gano shingen a cikin filinki yake, toh magana ta koma ta mallakar ƙasa, wannan Babbar Kotu ce ke saurare, kuma kar ki yi jinkiri domin a Abuja wa'adin neman fili shekara 12 ne, shida sun riga sun tafi. Ko a hakan ma kar ki tumɓuke da hannunki, ki bari wasiƙar lauya ta fara isa.

Ki turo min hoton taswirar filin da na tsagar katangar, sannan ki gaya min ko gidan naku ne ko haya kuke, domin in haya ne mai gidan ne zai nemi kuɗin katangar, ke kuma ki sanar da shi a rubuce cikin satin nan.