Maigidana fasto ne, barci ya ƙaurace masa

Tambaya: Baba Rabaran, maigidana fasto ne a wani ƙauye a Kudancin Kaduna. Tun da aka kai mana hari bara, ya binne 'yan ikilisiyarsa da hannunsa, ba ya barci. Ƙarfe biyun dare sai in tarar da shi zaune a bakin gado da takalmi a ƙafa. Tuwo loma biyu ya ture kwano. In na ce ya huta, sai ya ce aikin Ubangiji ba hutu. Yaya zan yi? Daga wata matar fasto.

Amsa: 'Yata, sannu da ɗawainiya. Takalmin nan ya taɓa ni ƙwarai, domin ni ma na taɓa kwana da nawa a ƙafa. A makarantar tauhidi a Bukuru mun koyi Helenanci da shirya wa'azi, amma ranar da na dawo daga jana'iza ta uku cikin mako guda, na rasa wanda zan gaya wa ƙirjina ya yi nauyi. Kowa kukansa yake kawo wa fasto.

Ki buɗe masa 1 Sarakuna 19 a Littafi Mai Tsarki. Annabi Iliya ya gudu jeji, ya zauna gindin itace yana roƙon mutuwa. Allah bai tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci gurasa ya sha ruwa, har sau biyu, kafin a yi maganar aiki. A Fitowa 18 kuma Yetro, surukin Musa, ya gaya masa cewa zai gaji in ya ci gaba da ɗaukar kayan jama'a shi kaɗai.

Abin da kika kwatanta ya wuce gajiya, firgicin abin da ya gani ne, kuma ana maganinsa. Ku fara da asibiti mafi kusa a auna jininsa, ku gaya wa likita batun barcin ba ɓoye-ɓoye. In an tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ku je, ba abin kunya ba ne.

Sai ki samu dattijo ɗaya da yake jin maganarsa, ya kai zancen gaban dattawan ikilisiya: su ba shi hutun wata guda, su raba ziyarar marasa lafiya a tsakaninsu, wani ya hau bagade. Idan kuwa kika ji ya fara cewa gara ya mutu, kada ki bar shi shi kaɗai, ku tafi asibiti a ranar.

Ke ma kin ga abin da ya gani. Ki nemi wata uwa a Zumuntar Mata ki zauna da ita, sannan ki sake rubuto mini bayan Kirsimeti.