Amsa: Ban da bakin teku, me ake gani a Zanzibar?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai abin kallo a tsibirin Zanzibar na Tanzaniya ban da rairayi da ruwa. Akwai kam, sai dai ƙafarka ta gaji.

Fara da tsohon gari, wanda mutanen can ke kira Mji Mkongwe, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Lungunansa matsattsu ne, mota ba ta shiga yawancinsu. Ka tsaya ka dubi ƙofofin katako masu sassaƙa, wasu da ayoyin Alkur'ani a samansu, wasu da ƙusoshin tagulla irin na Indiya. Arzikin da ya gina su na kanumfari ne da hauren giwa da cinikin bayi, tun da Sarki Sayyid Sa'id na Oman ya mayar da fadarsa can. An rufe kasuwar bayi a 1873, aka gina cocin Angilikan a filinta. Ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi a wurin, wallahi sai jikinka ya yi sanyi.

Kiɗansu kuwa taarab ne, kalmar daga Larabci take. Za ka ji ud da kanun, kayan kiɗan Larabawa masu tsirkiya, da goge irin na Turawa, waƙar kuma da Suwahili, cike da habaici, abin da Bahaushe ba baƙonsa ba ne. Mawaƙiya Siti binti Saad ce ta fito da shi daga fada zuwa wajen talakawa, har ta je Bombay ta yi faifai a 1928.

In da hali ka je a Fabrairu, lokacin bikin kiɗa na Sauti za Busara, amma ka kama masauki da wuri.