Tambaya da Amsa: Akun Gado da Tattabarar da Mage Ta Cafke

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu ya bar aku da ya shekara 12 a hannunsa. Tun bayan rasuwar akun ya daina magana, yana tsige gashin ƙirjinsa, da safe kuma sai ya kumbura ya lumshe ido. Duk cikinmu babu mai lokacinsa. Mu sake shi ne ya koma daji? Daga wata mai karatu, Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri. Don Allah kada ku sake shi. Aku mai launin toka da jar wutsiya tsuntsun kurmi ne, irin na kudancin ƙasar nan da Kamaru da Kwango. Wanda ya saba da keji bai san neman abinci ba, a dajinmu kuwa shaho ko ƙishirwa za su gama da shi cikin 'yan kwanaki.

Kumburar nan ta fi tsige gashin tayar mana da hankali. Tsuntsu yakan ɓoye ciwonsa, in har ya nuna to abin ya yi nisa. A fara da ɗumi, musamman in lokacin hunturu ne: a rufe ɓangare uku na kejin da zani, a zuba ruwan zafi a gora, a naɗe ta da tsumma a jingina da kejin ta waje. Ana son wurin ya kai kamar digiri 29 zuwa 30. Ban da kaskon gawayi, ban da turaren wuta da maganin sauro na kunnawa, domin hayaƙin da mutum ke jurewa yana iya kashe tsuntsu a ɗaki. A shimfiɗa farar takarda a ƙasan kejin don a ga kashinsa. In ya koma ruwa-ruwa ko kore shar, ko wutsiyarsa na ɗagawa da sauka yayin numfashi, a kai shi asibitin dabbobi a ranar. A riƙa wanke hannu bayan sharar kejin, a yayyafa ruwa kafin a share, saboda akwai cutar aku da ke kama huhun mutum ta ƙurar busasshen kashi.

Tsige gashi kuma kewa na jawo shi, amma sau da yawa abinci ne. Yawancin akun gidajenmu gyaɗa zalla suke ci, alhali mai ya yi mata yawa, sinadarin ƙarfafa ƙashi ya yi kaɗan, in ta yi fumfuna kuma guba ce. A rage ta zuwa ƙwaya biyu ko uku a rana. A ba shi gero, dafaffiyar masara, gwanda, gwaiba, karas da ganyen zogale, da ɗan dafaffen ƙwai sau biyu a mako. Kada a ba shi piya, goro, shayi ko abu mai gishiri. Ya sha hantsi na minti 20 a tsakar gida.

Sai ya warke za a yi batun bayarwa. Aku na iya wuce shekara 40, don haka a nemi mai zaman gida, ba mai sha'awar kwana biyu ba. Ya riƙa zuwa yana ba shi abinci da hannunsa har mako guda, sannan ya tafi da shi cikin kejinsa da ya saba. In yana da wasu tsuntsaye, ya ware shi kwana 30. Ba mu goyon bayan kai shi kasuwa. Farautar da fatauci ya jawo ce ta sa tun 2017 aka haramta cinikin akun daji tsakanin ƙasashe.

Tambaya: Mage ta cafke tattabarata, na ƙwace ta. Raunin ɗan ƙarami ne amma fiffike ɗaya ya saki. Me zan yi? Daga wani mai kiwo a Daura.

Amsa: Malam, kada ƙanƙantar raunin ta ruɗe ka. Yawun mage na ɗauke da ƙwayar cuta da ke shiga jini ta kashe tsuntsu cikin kwana ɗaya ko biyu, saboda haka tana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta daga likitan dabbobi yau ɗin nan. Kafin ka isa, wanke wurin da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, in jini na zuba ka danna da tsabtataccen ƙyalle. Kada ka shafa man shanu ko baƙin mai, suna manne gashi su hana shi riƙe ɗumi. Kwantar da fiffiken yadda yake zama a jikinta, ka naɗe da bandeji ba tamau ba, don tsuntsu da ƙirji yake numfashi. Sa ta a kwali mai huji a wuri mai duhu, ka ajiye ruwa a murfi. Kada ka ɗura mata, yana iya bi ta maƙogwaron iska ya shaƙe ta.